Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Tsokaci Kan Amanar Karatun Yaro a Gida

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Gashuwa zuwa Nguru a lokacin hunturu, ya kuma saki kwalta ya gangara Dagona, ya san cewa garin yana karɓar wasu baƙi waɗanda ba su neman izinin kowa kafin su shigo ƙasa. A kowace shekara, da zarar sanyi ya tsananta a Turai, tsuntsayen ruwa kan keto hamadar Sahara su sauka a tafkin Dagona da sauran fadamun Haɗeja da Nguru, su cuɗanya da kirinjijiya da dinya da zalɓe na gida, su yi 'yan watanninsu, sa'an nan su koma inda suka fito. Albarkacin waɗannan baƙi ne Yarima Filip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya ziyarci Dagona a 1989, aka kuma sanya tafkin cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya a 2008.

A 'yan shekarun nan garin ya sami wasu baƙin na daban. Su ma daga nesa suke, su ma ba su neman izini, sai dai ba a tafki suke sauka ba, a cikin wayar hannu suke sauka. Muna nufin darussa da littattafai da hotuna masu motsi da ake samu ta intanet, waɗanda ake cewa da su iyaye za su iya karantar da 'ya'yansu a gida.

A damunar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantun ƙasar nan tun daga ƙarshen watan Maris, mun kai ziyara ga wani amininmu a Dagona, manomin shinkafa kuma masunci. Muna zaune a ƙofar gidansa bayan La'asar sai ya zaro wata babbar waya daga aljihu, ya ajiye a gabanmu, ya ce: "Malam, ku da kuka yi boko, an ce mini duk karatun duniya yana cikin wannan abu. Na sayar da shinkafa na saya, na sa kati, na miƙa wa yara. Yau wata biyu ke nan, ban ga sun ƙaru da ko baƙi ɗaya ba. Shin ni aka cuta, ko kuwa ni na cuce su?"

A ranar ba mu ba shi amsar da ta gamsar da shi ba, mu ma ba ta gamsar da mu ba. Wannan maƙala ƙoƙari ne na biyan wancan bashi. Tambayar da za mu bi diddiginta ita ce: idan makaranta ta rufe, ko ta yi nisa, ko ta kasa, a wuyan wa amanar karatun yaro take, kuma shin ana iya damƙa wannan amana ga na'ura?

Gida a Matsayin Makaranta

Karatun gida ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Tun kafin Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa ta Nasarawa a Kano a 1909, zaure makaranta ne, tsakar gida ma makaranta ce. A zaure ake wanke allo a sake rubutu, a tsakar gida kaka ke yin tatsuniya da kacici-kacici, a bakin ruwa kuma uba ke nuna wa ɗansa yadda ake hawa gora da jefa koma da gane inda tarwaɗa ke kwanciya. A wannan yanki namu kuwa, ƙasar da kufan Birnin Ngazargamu yake, ƙasar tsangayu da alarammomi, ƙasar da Nguru ta yi suna da zauren Shehu Gibrima, ba sai an tsaya ana shawo kan kowa cewa ana iya yin ilimi ba tare da aji da ƙararrawa ba.

Abin da ya sauya shi ne, da boko ya zauna da gindinsa, sai sannu a hankali iyaye suka ɗauka cewa karatun zamani aikin hukuma ne. Nasu shi ne su sayi riga da littafi su kora yaro da safe. Ba don sakaci kawai suka ɗauki wannan matsayi ba, domin kuwa da yawansu ba su san abin da ake yi a cikin ajin ba, mutum kuwa ba ya sa baki a abin da bai sani ba. To amma sakamakon shi ne, ranar da aka garƙame ƙofar makaranta, sai gidaje da yawa suka tarar ba su da abin da za su yi da 'ya'yansu sai a tura su gona ko talla.

A nan ya kamata mu bambanta halinmu da na Amurka, inda wannan magana ta karatun gida ta fi tashe, inda kuma mafi yawan jerin "kayan koyo masu amfani" da ke yawo a intanet suka fito. A can, tun 1993 doka ta yarda da karantar da yaro a gida a dukkan jihohin ƙasar guda 50. Masu yin haka galibi suna da makaranta a kusa da su, sun dai zaɓi kada su kai 'ya'yansu ne, saboda addini ko saboda rashin gamsuwa da tsarin. A gidan akwai lantarki, akwai uwa ko uba mai ilimi da ya zauna domin wannan aiki, a unguwa kuma akwai ɗakin karatu. Nasu zaɓi ne. Namu kuwa sau da yawa dole ce: annoba ta rufe makaranta a 2020, ambaliya ta raba ƙauyuka da hanya kamar yadda aka gani a ƙasar Bade a 2022, ko kuma ajin yana nan a buɗe amma malami ɗaya ne a kan yaran da ba ya iya ƙirgawa. Saboda haka wanda ya kwaso shawarar mai zaɓi ya ɗora wa mai dole, ya ɗinka wa wani riga da awon wani.

Abin da ke Cikin Rijiyar

Duk da haka, rashin adalci ne mu ce wa amininmu an yi masa ƙarya. Lalle akwai ruwa a rijiyar, kuma mai yawa. Bari mu ambaci kaɗan daga cikin abin da muka san yana ciki, mu kuma auna kowanne da ma'auni uku: da wane harshe yake magana, nawa zai ci wa mai gida, kuma ina zai kai yaron.

Ga yaron da bai riga ya iya haɗa baƙi ba, babu abin da ya kai gajerun labarai cikin harshen da yake ji. Akwai shafin African Storybook, wanda wata ƙungiya ta Afirka ta Kudu ta buɗe a 2014, da kuma StoryWeaver, na wani kamfanin ɗab'i na Indiya mai suna Pratham Books, wanda ya fara aiki a 2015. Dukkansu suna ɗauke da ƙananan littattafan yara masu hotuna, cikinsu har da na Hausa, an jera su daga mai jimla ɗaya a shafi zuwa mai dogon labari. Kyauta ne, kuma an yarda mutum ya sauke su, ya buga a takarda, ya fassara, ko ya rubuta nasa ya saka. Wannan izini na bugawa shi ne babban abin da ya shafe mu. Labarin da aka sauke sau ɗaya a Gashuwa, aka buga a shagon kwamfuta, yara goma za su karanta shi a Dagona har ya yage, ba tare da caji ko data ba.

Ga yaron firamare da ƙaramar sakandare, akwai Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a watan Maris na 2022 tare da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya da kamfanin Microsoft. Fifikonsa a kan sauran shi ne an tsara shi bisa manhajar makarantun ƙasar nan, an kuma sa wasu darussa cikin Hausa da Yarbanci da Ibo ban da Ingilishi. Wannan yana da muhimmanci, domin yaron Dagona ba jarrabawar Amurka zai zauna ba.

Ga wanda ya ɗan ji Ingilishi, musamman a fannin lissafi da kimiyya, akwai Khan Academy, wanda ya zama ƙungiya a 2008. Darussansa a tsare suke daga ƙirga zuwa lissafin shiga jami'a, kuma yana ba yaro aikin gwaji ya gaya masa inda ya kuskure. Aibinsa a wurinmu biyu ne: harshe, da kuma cewa hoto mai motsi yana lashe data fiye da rubutu nesa ba kusa ba. Domin magance irin wannan matsala aka yi manhajar Kolibri, wadda ake zuba wa darussa sau ɗaya, sa'an nan ta yi ta aiki ko babu sabis.

Ga ɗalibi babba da kuma malaminsa, an sanya ƙamusun Bargery na 1934 a intanet, akwai kuma Wikipedia ta Hausa, wadda ya kamata a sha ruwanta da rariya, tunda kowa na iya rubutu a cikinta, gwani da ɗan koyo. Kada kuma mu raina rediyo, wanda jihohi da dama suka yi amfani da shi wajen ba da darasi a 2020, kuma har yau ya fi kowace na'ura sauƙin kuɗi da isa lungu.

Hanyar da ruwan zai iso gida ma ba sabuwa ba ce. A kasuwar Nguru da ta Gashuwa akwai samari masu tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi a waya, a kuɗi kaɗan. Memorin da ya ɗauki fim mai dogon zango zai ɗauki darussan zango guda. Mai shagon sola da ke cajin waya domin kallo, shi ne zai caja ta domin karatu. Ashe dai ba rijiyar ce ta ƙafe ba.

Guga

Masu iya magana kan ce rijiya ta bayar, guga ya hana. Amininmu ya tsayar da 'ya'yansa a bakin rijiya, ya juya ya tafi gona, yana zaton ruwan zai hauro da kansa. Yaro kuwa idan aka bar shi da waya, abin da ya fi sauƙi zai bi, kuma masu yin wasanni da gajerun hotunan ban dariya sun fi masu yin darasi sanin yadda ake riƙe idon yaro, domin da wannan suke cin abinci. Ba laifin yaron ba ne. Babba ma haka yake yi.

Tun fiye da shekara 2,300 da suka wuce, Aflatun, masanin falsafa na ƙasar Girka, ya sa a bakin malaminsa wani ƙorafi game da rubutu kansa: cewa rubutu yana kama da mai rai, amma idan ka tambaye shi abu ɗaya zai yi ta maimaita maka, bai kuma san wanda ya dace ya yi wa magana da wanda bai dace ba. Wani zai ce zamani ya rushe wannan ƙorafi, tunda daga 2022 zuwa yau an cika duniya da manhajojin da ake yi wa tambaya su ba da amsa, har da Hausa. Gaskiya ne suna amsawa. Amma ba su ganin fuskar yaron da ya gyaɗa kai alhali bai gane ba. Ba su san cewa bai karya kumallo ba, ko kuwa jiya an yi rasuwa a gidansu. Mafi muhimmanci, idan suka koya masa kuskure, ko suka bar shi ya shekara bai iya karanta sunansa ba, babu wanda zai tsare su ya tambaye su dalili, ba a duniya ba, ba a Lahira ba.

A nan muke ganin gundarin maganar yake. Amana ba a ba da ita sai ga wanda ake iya tuhuma. Ana ba makiyayi amanar shanu domin idan ɗaya ta ɓace akwai wanda za a kama. Ba a ba sanda amanar garke, ko da kuwa da ita ake kora shi. Waya sanda ce. Wanda ya miƙa mata ɗansa bai sauke amanar ba, ya dai ajiye ta a inda babu mai ɗauka.

Za a ce mana: to uban da bai yi boko ba fa? Yaya za a ɗora masa abin da bai iya ba? Wannan ƙorafi ne mai ƙarfi, kuma ba mu ɗauke shi da wasa ba. Amsarmu ita ce, guga ba sai ya san yadda aka haƙa rijiya ba. Akwai abubuwa uku da uwa ko uban da bai san baƙi ko ɗaya ba zai iya bayarwa, waɗanda babu wata manhaja da za ta bayar. Na farko lokaci: a ware wani ɗan tsakani, ko tsakanin La'asar da Magariba ne, wanda kowa a gidan ya san ba a aiken yaro a cikinsa, ba a ɗora masa talla. Na biyu kunne: uwa ta ce, "Zo ki karanta mini, ki gaya mini abin da aka ce," domin yaron da ya san za a tambaye shi daban yake karatu da wanda ya san babu mai tambaya, kuma wanda ya iya mayar da labari da bakinsa shi ne ya fahimce shi. Na uku tsaro: rijiyar nan ba ruwa kaɗai ke cikinta ba, akwai ƙazanta da macizai, saboda haka a tsakar gida ake kunna waya, a gaban babba, ba a ƙuryar ɗaki ba.

Ba hasashe muke yi ba. A 2020, lokacin da aka rufe makarantu a ƙasar Botsuwana, masu bincike sun gwada hanyoyi biyu a gidaje kimanin 4,500. Wasu gidajen an riƙa aika musu da ɗan aikin lissafi ta saƙon waya kawai. Wasu kuma, ban da saƙon, wani mutum yakan kira su sau ɗaya a mako, ya yi kimanin minti 20 yana bin aikin tare da yaro da mahaifinsa. Saƙo shi kaɗai bai haifar da wani abin a-zo-a-gani ba. Inda aka haɗa da muryar mutum kuwa, yara sun ƙaru. Ba babbar waya aka yi amfani da ita ba, ƙaramar waya ce irin wadda ke aljihun kowane masunci.

Tarihinmu ma ya riga ya nuna haka. Idan muka leƙa yamma, ƙasar Sakkwato, za mu tuna da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ita ma ta fuskanci matsalar mata da 'yan mata da ke ƙauyuka, waɗanda ba za su iya barin gidajensu su zo makaranta ba. Ta tsara darussa cikin waƙoƙi masu sauƙin haddacewa, amma ba ta aika da takarda kawai ta zauna ba. Ta naɗa jajoji, mata dattawa amintattu, su ne ke zuwa su karɓi karatu a wurinta su kai shi gida gida, abin da aka sani da 'Yan Taru. Waƙa ita ce ruwan, jaji ita ce gugan. Kai, hatta Khan Academy da ake ta ambato, asalinsa wani mutum ne, Salman Khan, da ya fara koya wa wata ƙaramar 'yar'uwarsa lissafi daga nesa a 2004. Zumunci ne ya haifi manhajar, ba manhajar ce ta maye gurbin zumunci ba.

A gidan amininmu, gugan ya fito daga inda ba mu zata ba. Babbar 'yarsa, wadda ke aji biyu na ƙaramar sakandare a lokacin, ita ta karɓi wayar. Mun sauke mata 'yan labarai na Hausa, ta riƙa tara ƙannenta da na maƙwabta a gindin darbejiya. Mahaifiyarta, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, takan zauna gefe tana saƙar kaba, tana jin wanda ya yi tuntuɓe ta ce a sake. Kafin a koma makaranta, biyu daga cikin ƙananan sun fara haɗa baƙi. Ba abin mamaki ba ne, ba kuma wayar ce ta canza ba.

Karantarwa a Gida da Tsarewa a Gida

Yanzu kuma dole mu juya ga ɗaya fuskar maganar, domin duk abin da muka faɗa a sama ana iya mayar da shi makami. A ƙasar da Asusun Kula da Yara ya daɗe yana ambaton yara miliyan 10.5 da ba su zuwa makaranta, mafi yawansu kuma a arewa, kalmar "karatun gida" tana iya zama mayafin da za a lulluɓe tsohuwar cuta da shi. Uban da dama can ba ya son 'yarsa ta wuce firamare, yanzu ya sami abin faɗa: ai tana karatu a waya.

Ba mu manta da cewa tsoron iyaye a wannan jiha yana da tushe ba. An kashe ɗalibai a Buni Yadi a watan Fabrairu na 2014, an kashe wasu a Potiskum a watan Nuwamba na shekarar, aka kuma kwashe 'yan mata 110 daga makarantarsu ta Dapchi ranar 19 ga Fabrairu, 2018. Dapchi kuwa a kan hanyar Gashuwa zuwa Damaturu take. Uban da ya ce ba zai kai 'yarsa makarantar kwana ba bayan wannan, ba mu da bakin da za mu kira shi jahili. Amma muna da bakin da za mu tambaye shi: da ka cire ta, me ka sa mata a madadi? Wanda ya ɗauke yaro daga makaranta bai rage wa kansa nauyi ba, ya ƙara ne, domin ya ɗauki aikin malami da na hedimasta da na sufeto ya haɗa da nasa na uba. Idan bayan shekara yarinyar ta fi yadda take iya karatu da lissafi, kuma akwai hanyar da za ta zauna jarrabawa, to an karantar da ita a gida. Idan kuwa abin da ya ƙaru shi ne wanke-wanke da raino da talla, to tsare ta aka yi, ko da waya goma aka saya mata.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane uba ko mariƙi ya tabbatar ɗansa ya yi firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9 ke nan, kyauta kuma dole. Ban da doka, akwai abubuwan da makaranta ke bayarwa waɗanda gida ba shi da su: ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, takardar shaida, da kuma bencin da ɗan Bade da ɗan Manga da ɗan Fulani da ɗan Hausa za su zauna a kai su koyi haƙuri da juna. Akwai kuma idon bare, wato malamin da zai lura cewa yaro ba ya gani sosai, ko ana cutar da shi a gida. Saboda haka mu a ganinmu, a halin da muke ciki, karatun gida abokin makaranta ne da kuma majiɓincinta ranar da ta gaza, ba kishiyarta ba.

Irin wannan gargaɗi ya hau kan hukuma. Buɗe shafi a intanet ya fi gina aji da biyan malami araha, ya kuma fi daɗin faɗa a taro. Idan uba ba shi da ikon miƙa amanarsa ga waya, hukuma ma ba ta da shi. Tun 2015 jarrabawar shiga jami'a ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya. Yaron Dagona da zai nemi gurbi a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013 a ƙofar gidansu, zai zauna gaban na'urar da mai yiwuwa bai taɓa taɓawa ba, ya yi takara da wanda ya tashi da ita a ɗakinsa. Wanda ya wajabta jarrabawar, shi ya wajaba ya kawo na'urar da lantarkin da mai koyarwar.

Abin da Dagona za ta Zuba a Rijiyar

Saura ma'auni na uku da muka ambata: ina karatun zai kai yaron? Akwai ilimin da ke sa yaro ya san sunan kogunan Turai, ya kasa faɗin dalilin da ya sa kachala ta toshe magudanan ruwan da kakansa ya bi da kwalekwale. Alhali kuwa darasin yana ƙofar gidansu: an gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin Haɗeja ta sauya, wasu wuraren suka rasa ambaliyar da ke ciyar da fadama, wasu kuma ruwa ya zauna musu rani da damina, kachala ta sami wurin zama. A cikin wannan labari guda akwai labarin ƙasa da kimiyya da tattalin arziki da siyasa. Uban da bai yi boko ba ya san rabin darasin da idonsa, ɗayan rabin yana cikin wayar. Ranar da aka haɗa su, uban ya tashi daga mai sayen kati ya koma malami.

Rijiyar kuma ba ta ɗiba kaɗai ba ce. A 2004 an wallafa ƙamusun Badanci da Ingilishi da Hausa na karin harshen yamma, wanda Bala Wakili Dagona ya tattara, marigayi Farfesa Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya ya tace, ƙarƙashin shirin binciken harsunan Yobe. Wato sunan wannan gari ya riga ya shiga jerin masu bayarwa. Wannan kira ne gare mu, malamai da ɗaliban sashen Hausa. Littattafan yara na Hausa da ke intanet ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da yawan masu jin harshen, wasunsu ma fassara ce mai ɗingishi, na Badanci da Manganci kuwa sai an tona. Ɗalibin da ya iya nazarin jigo da salo ba zai kasa rubuta labari mai shafi goma a kan gaiwa da ke kwana cikin laka har ruwa ya dawo ba. Idan kowanenmu ya rubuta ɗaya ko ya gyara ɗaya a kowane hutu, sa'an nan ya zauna da yaran unguwarsu ya karanta musu, mun zama jajojin zamaninmu.

Kammalawa

Mu koma ga tambayar amininmu: shin shi aka cuta, ko shi ya cuci 'ya'yansa? Ba a cuce shi ba, domin abin da aka ce yana cikin wayar yana ciki. An dai gaya masa rabin magana, aka ɓoye masa cewa ruwan ba ya haurowa sai da hannu. Shi ma bai cuce su ba, domin mutumin da ya sayar da abincinsa saboda karatun 'ya'yansa ba macuci ba ne. Cutar za ta fara ne daga ranar da ya gane cewa wayar ba za ta ɗauke masa amanar ba, sa'an nan ya ci gaba da yin kamar ta ɗauke. Wannan hukunci bai tsaya a kansa ba. Ya hau kan hukumar da ke nuna shafi a madadin aji, ya kuma hau kanmu, mu da muka yi karatu da dukiyar talakawa irinsa, muka iya zaƙulo ruwan, amma muke sha mu kaɗai.

Hunturu mai zuwa tsuntsayen za su sake sauka a tafkin Dagona. Fatanmu shi ne a sami yarinyar da za ta tsaya a bakin ruwan, ta ji sunan tsuntsu da Badanci daga bakin kakarta, ta rubuta shi da Hausa a littafinta, ta duba taswira a waya ta ga ƙasar da ya taso, sa'an nan gobe da safe ta tafi makaranta ta tambayi malaminta yadda ya gane hanya.